Amsoshin Tambayoyinku: "Ɗan Gaye", Abokan Dorothy da Zagin Bariki

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan magana ɗaya suka taru, wato kalmomin da ake jifan juna da su a kan luwaɗi da daudanci, a bariki da kan titi. Na san wasu za su ce malam wannan ma abin kawowa ne a rediyo? Toh harshe muke bincike, kuma ku kuka tambaya.

Ta farko daga wata 'yar'uwa ce a Maraɗi, ta ce mijinta ya hana ɗansu cewa "ɗan gaye" wai daga kalmar gay ta Turanci mai nufin ɗan luwaɗi ta fito, gaskiya ne? Hajiya ki kwantar da hankalin maigida. Gaye ɗinmu daga guy ne, wato saurayi, shi ya sa muke cewa gayu, wane ya sha gayu, an ci gayu ranar sallah. Kama ce kawai ta sauti. Ita kanta gay ɗin asalinta mai fara'a take nufi, daga Faransanci ta shigo Turanci, sai a ƙarni na 20 ma'anar ta karkata zuwa ɗan luwaɗi, yanzu ma yaran makaranta a Ingila har wayar da ta lalace ko darasin da ya gundure su sai su ce mata gay, ma'ana abin banza.

Sai wani mai sauraronmu daga Zariya, ya ce ƙanensa ya dawo daga horon soja bakinsa ya canza, duk wanda ya yi sanyin jiki sai ya ce masa ɗan daudu, ko ƙaramin yaro ne ya kasa ɗaga jarkar ruwa, har Inna ta fara faɗa. Yana tambaya, haka sojoji suke ko'ina?

Kusan haka ne malam. A wurin horon sojan Amurka sanannen abu ne sajan ya tsaya gaban kurata maza zalla ya kira su 'yan mata, ba wai yana tuhumarsu da komai ba, so yake ya taɓa musu zuciya su ƙara ƙwazo, don a kan namiji mai shekara 18 babu zagin da ke ci kamar a ce masa ba namiji ba ne. Ƙanenka ragwanci yake zagi. Amma kalmar da ya ɗauko tana da nata tarihin. Daudu kirarin Galadima ne, kuma a bori akwai iskan da ake kira Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai son ado da caca da kyauta, masu bincike da yawa can suke kai asalin sunan. Ɗan daudu a yadda iyayenmu suka san shi namiji ne mai maganar mata da rangwaɗa da tafa hannu, ga habaici kamar me, za ka same shi a bakin tasha yana tuƙa tuwo ko suyar kaji, da yawansu da matan aure da 'ya'ya. Luwaɗi kuwa aiki ake nufi, sunan daga mutanen Annabi Luɗu ya samo asali. Mutane sun cakuɗa biyun yanzu, kuma nan ne nake ganin Inna ta fi ƙanenka gaskiya, don tun da shugaban Najeriya na lokacin, Goodluck Jonathan, ya sa hannu a dokar nan ta Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ga kuma kotunan shari'a a jihohinmu, kalmar da aka faɗa da wasa a majalisa tana iya bin yaro har makaranta, ta hana shi aure, ko ta tara masa jama'a a ƙofar gida.

Tambaya ta uku ita ce ta fi ba ni dariya. Wani ɗalibi daga Kumasi ya ce ya ji ana cewa wane "abokin Dorothy" ne, wace ce Dorothy ɗin nan?

Ɗan'uwa ba kai kaɗai ka taɓa tambaya ba, rundunar sojan ruwan Amurka ma ta tambaya, har da kuɗin gwamnati. Lokacin da luwaɗi yake laifi a can, masu wannan harka ba sa iya fitowa fili, sai mutum ya tambayi wani a wurin biki, kai abokin Dorothy ne? In ya gane toh ya gane, in bai gane ba sai ya ce a'a ban san ta ba, shikenan an wuce ba wanda ya ji kunya. Yawanci ana danganta sunan da yarinyar fim ɗin The Wizard of Oz na 1939, wadda Judy Garland ta fito a matsayinta. Toh wajen farkon shekarun 1980 masu binciken sirri na sojan ruwa suna farautar irin waɗannan sojoji a yankin Shikago, sai suka yi ta jin Dorothy, Dorothy, ai kuwa suka ɗauka wata hamshaƙiyar mata ce ta gaske, irin magajiya, wadda ta san sunan kowa. Suka bazama nemanta don ta ba su jerin sunaye! Ɗan jarida Randy Shilts ne ya kawo labarin a 1993. Ku yi tunanin jami'i da littafinsa a hannu yana bin mashaya yana tambaya ina gidan Dorothy.

Dariya dai, amma abin da ke bayansa ba na dariya ba ne. A yaƙin duniya na biyu sojan Amurka da aka kama da wannan harka sai a sallame shi da takarda mai launin shuɗi, ba ta yabo ba ba ta hukunci ba, sai dai duk mai ɗaukar aiki ya san ma'anarta, kuma ana hana shi haƙƙoƙin tsofaffin sojoji. A 1993 Bill Clinton ya kawo tsarin da suka kira kar a tambaye ka, kar ka faɗa, wato ka yi shiru mu ma mu yi shiru, duk da haka sojoji sama da 13,000 aka kora a ƙarƙashinsa kafin Obama ya sa hannu a soke shi a Disambar 2010, ya daina aiki 20 ga Satumba 2011.

A Ingila ma masu wannan harka a da suna da nasu zaurancen, Polari, gauraye ne na Italiyanci da yaren Romani da maganar 'yan jirgin ruwa da 'yan wasan kwaikwayo. Bona mai kyau, vada duba, omi namiji, palone mace, in aka haɗa omi-palone kun ga ɗan daudu kenan. Wani shirin barkwanci na rediyon BBC a shekarun 1960 ya riƙa saka shi, iyalai na sauraro ranar Lahadi suna ta dariya, da yawa ba su san me ake cewa ba. Dokar 1967 da ta cire laifin a Ingila ba ta shafi soja da jiragen kasuwanci ba, sojansu sai Janairun 2000 aka ɗage haramcin bayan hukuncin kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai.

Akwai wani daga Kano da ya tambayi kalmar "harka", wai a daina faɗa ne? Haba malam. Gaskiya ne a cikin 'yan daudu da masu luwaɗi akwai masu cewa wane ɗan harka ne ko yana harka, kuma sun zaɓe ta ne daidai don kowa na faɗinta, ɗan kasuwa na harka, ɗan siyasa na harka, ni ma nan harkar rediyo nake. Ka ci gaba da gaida mutane da ya harkoki abinka.

Mai kula da na'ura yana ta nuna min agogo. Wasiƙar da ta zo daga Agadas kan kalmar maɗigo sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.