Tikitin Gida da Makin Katin Banki: Lissafin da Ya Kamata a Yi Tun Farko

Assalamu alaikum 'yan uwa na Marwa, Garwa, Gaundare, Kusiri da Njamena, da ku da kuke kallo daga nan Turai. Ina yi muku magana daga birnin Liyon na ƙasar Faransa, kuma yau zan amsa tambayar da ta fi yawa a saƙonninku, wato ko gaskiya ne mutum yana iya zuwa gida kyauta da makin da katin banki ke tara masa. Makin gaskiya ne, ana karɓar tikiti da shi, ni ma ina tarawa. Amma tikitin ba kyauta ba ne, kuma akwai 'yan uwanmu da suke biyan banki fiye da abin da makin ke dawo musu da shi ba tare da sun lura ba. Wannan shi ne abin da ya dame ni har na kunna kyamara.

Tsarin ya daɗe. Kamfanin American Airlines ya buɗe nasa mai suna AAdvantage a shekarar 1981, sauran kamfanoni suka bi sahu. Waɗanda suka shafe mu su ne na jiragen da ke sauka a Njamena, Duwala da Yawunde. Air France da KLM suna da Flying Blue tun 2005, Ethiopian Airlines na da ShebaMiles, Turkish Airlines na da Miles&Smiles, Royal Air Maroc kuma na da Safar Flyer. Kamfanonin sun kasu rukuni uku. Ethiopian, Turkish da EgyptAir suna cikin Star Alliance, Air France tana cikin SkyTeam, Royal Air Maroc kuwa ta shiga oneworld a 2020. Amfanin sanin wannan shi ne, wanda ya hau Ethiopian yau, ya hau Turkish gobe, yana iya zuba makinsa duka a asusu guda muddin tikitin da ya saya yana cikin waɗanda ake ba wa maki.

Bari in juyo da kwamfutar ku gani. Wannan shafin asusuna ne na Flying Blue, na rufe suna da lamba da ɗan yatsa. Lambar da ke sama ita ce mil, wato makin da ake sayen tikiti da shi. Ta ƙasa kuwa, wadda aka rubuta XP a gefenta, ita ce ke ɗaga matsayin mutum: 100 ta kai shi Silver, daga nan 180 ta kai shi Gold, 300 ta kai shi Platinum. Mutane da yawa suna haɗa su wuri guda, alhali ba a sayen tikiti da XP. Tun daga 2018, a tikitin Air France da KLM ana lissafa mil ne da kuɗin da ka biya, ba da nisan tafiya ba. Mai matsayin farko, wato wanda bai kai Silver ba, yana samun mil 4 a kan kowace yuro, ban da harajin gwamnati da ke cikin tikitin. Idan kuɗin tikitinka bayan an cire haraji yuro 600 ne, za ka samu mil 2,400. Wanda ke zuwa gida sau ɗaya a shekara zai ga cewa jirgi kaɗai ba zai kai shi ko'ina ba, shi ya sa hankali ke komawa kan katin banki.

A nan ne ya kamata mu tambayi kanmu daga ina banki ke samun abin da yake rabawa. Duk lokacin da ka ɗora kati a kan na'urar mai shago, akwai kason da ake cira daga cinikin, kuma daga wannan kason ne ake sayo mil daga kamfanin jirgi a ba ka. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade kason da bankin mai kati ke karɓa: kashi 0.2 cikin ɗari a katin cire kuɗi, kashi 0.3 cikin ɗari a katin bashi. A Amurka babu irin wannan ƙayyadewa a kan katin bashi, don haka bankunan can suna da rarar da za su yi rabon maki mai yawa. Saboda haka idan ka kalli bidiyon wani Ba'amurke yana cewa ya zagaya duniya da maki, to maganar ƙasarsa yake yi. A Faransa katin da aka fi sani da tara mil shi ne na American Express, ko wanda ya haɗa gwiwa da Air France da KLM, ko wanda ke tara nasa makin na Membership Rewards. Kason da yake karɓa daga masu shago ya fi na sauran, shi ya sa ba kowa ke amsar shi ba. Mahaucin da nake sayen naman halal a wurinsa ya manna takarda a jikin na'urarsa cewa ba ya karɓa, haka ma mai shagon da muke sayen kuɓewa busasshiya da garin rogo. Kuɗin haya kuwa daga asusu ake cire shi kai tsaye, kuɗin da muke aikawa gida ta Orange Money ko MTN ko Airtel Money yawanci ba ya kawo maki. Idan ka cire waɗannan, za ka ga abin da ke bi ta katin bai kai yadda kake zato ba.

Yanzu ku ɗauko biro da takarda mu yi lissafi. Lambobin da zan kawo misali ne kawai domin a gane hanya, kowa ya sa nasa na gaskiya. A ce kana kashe yuro 1,000 a wata ta katin, wato sefa 655,957 tunda canjin yuro da sefa a tsaye yake, kuma katin yana ba ka mil ɗaya a kan kowace yuro. A shekara ka tara mil 12,000. A ce kuma tikitin zuwa Njamena da dawowa yuro 700 ne idan da kuɗi za ka saya, idan da maki ne kuwa mil 50,000 da ƙarin yuro 250 na haraji da cajin kamfani. To abin da mil 50,000 suka rage maka shi ne yuro 450, ke nan kowane mil bai kai sefa 6 ba, wato dala ɗaya ta sefa 5 da ɗan kai. Mil 12,000 ɗinka na shekara sun tashi yuro 108, kuma sai ka yi fiye da shekara huɗu kafin ka tara na tikiti guda. Sai ka buɗe takardar yarjejeniyar katin ka duba kuɗin da ake cire maka duk wata ko duk shekara. Idan ya haura yuro 108, kai ne kake ciyar da banki, sai dai idan inshorar tafiya da sauran abubuwan da ke tare da katin suna da amfani na gaske a wurinka. Kyautar maraba da ake bai wa sabon mai kati tana iya gyara lissafin shekarar farko, amma tana zuwa da sharaɗin kashe wani adadi cikin 'yan watanni, kuma a nan ne mutum ke fara sayen abin da bai yi niyya ba. Maki kamar gyara ne a kasuwar Marwa: idan dama za ka auni gero, ka karɓi gyararka da godiya, amma babu mai hankalin da zai sayi buhun da ba ya bukata saboda a ƙara masa tafi ɗaya.

Akwai maganar da ta fi lissafi nauyi a wurinmu, ita ce ta riba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi hukunci a shekarar 2000 cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashin da aka gindaya wa sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai katin ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi, amma ta halatta wanda babu wannan sharaɗi a cikinsa. Da yawa daga katunan Faransa irin waɗanda ake cire duk abin da ka kashe ne gaba ɗaya daga asusunka a ƙarshen wata, ba tare da kuɗin ruwa ba, amma akwai masu zaɓin biya kaɗan-kaɗan da ruwa, akwai kuma tarar jinkiri. Ni ba malami ba ne. Abin da nake roƙo shi ne ka ɗauki yarjejeniyar, ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa, a fassara masa sashen kuɗin ruwa da na tara kafin ka sa hannu. Wanda kuwa ya bar bashi ya kwana masa a kati, kuɗin ruwan yana iya cinye darajar makin da ya tara.

Sai maganar juya maki, wadda a nan ne aka fi yin asara cikin sauri. Makin Membership Rewards ana iya tura shi zuwa kamfanonin jirgi daban-daban, amma ƙimar canjin ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka maki ɗaya mil ɗaya ne na Flying Blue, a Faransa kuwa maki 5 ne ke zama mil 4. Na otal ya fi haka raguwa: a Marriott Bonvoy maki 3 ke zama mil ɗaya a yawancin kamfanoni, a tsarin Accor kuwa maki 2,000 suna rage maka yuro 40 a kuɗin ɗaki, don haka sau da yawa barin su a otal ya fi juya su. Abu mafi muhimmanci shi ne makin da aka tura ba ya dawowa. Da zarar makin ya bar katin ya shiga asusun jirgi, ya tafi ke nan. Don haka ka fara shiga shafin kamfanin, ka sa ranar tafiyarka, ka ga kujerar da idonka da adadin mil da harajinta, sannan ka tura daidai abin da ake bukata. Ku duba nan a allon: rana guda a watan Fabrairu, ga wata a tsakiyar Yuli, hanya ɗaya, jirgi ɗaya, amma adadin mil ya sha bamban. Farashin yana hawa da sauka gwargwadon cunkoso, kuma lokutan da muka fi son zuwa gida, hutun yara na Yuli da Agusta, ƙarshen Disamba da kwanakin Sallah, su ne mafi tsada. Wanda aikinsa ya ba shi damar tafiya a wani lokaci shi ne ke cin moriyar tsarin, musamman idan yana duba rangwamen da Flying Blue ke fitarwa a farkon kowane wata. Ajiye maki shekara da shekaru ma ba dabara ba ce, domin kamfani na iya ƙara farashi duk ranar da ya ga dama, kuma mil na mai matsayin farko yana ƙonewa idan aka yi shekara biyu ba a motsa asusun ba.

Mu 'yan arewa muna da ƙarin lissafin da mutumin Duwala ba shi da shi. Tikitin maki zai sauke ka a Duwala, ko Nsimalen na Yawunde, ko filin Hassan Djamous na Njamena, amma bai kai ka ƙofar gida ba. Camair-Co da ke zuwa Garwa, Marwa-Salak da Gaundare ba ta cikin waɗancan rukunoni uku, don haka da kuɗi za ka sayi wannan tikitin. In ba haka ba ka hau jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa Gaundare, ka ƙarasa a mota. Mutumin Kusiri ya huta, gadar Ngeli kawai zai tsallaka daga Njamena, amma mai zuwa Marwa ta can sai ya auna halin da hanyar Waza da Mora take ciki, ya kuma duba maganar biza idan da fasfon Turai yake tafiya. Ka duba kuma yawan jakunkunan da tikitin ya ba ka, tunda dukanmu mun san ba a zuwa gida da tsaraba ta jaka ɗaya, kuma kuɗin ƙarin jaka yana iya shafe ragin da ka samu.

Iyayenmu da yayyenmu 'yan kasuwa da ke gida, ban manta da ku ba. Yawancin katunan da bankunan Kamaru da Cadi ke bayarwa na cire kuɗin da ke asusu ne ko na zuba kuɗi a gaba, ba su tara mil. Amma Alhaji da ke zuwa Dubai, Guwanju ko Santambul saro kaya sau da yawa a shekara ya fi mu da muke nan damar tarawa, kuma rajista kyauta ce. Ranka ya daɗe, ka zaɓi tsari ɗaya cikin rukunin da ka fi hawa, ka buɗe asusun da lambar wayarka da adireshinka na imel, kada ka bar wani ya buɗe maka da nasa, domin duk wanda saƙon sirri ke zuwa wa shi ne ke da iko da makin. Ka tabbata sunan da ke asusun ya yi daidai harafi da harafi da na fasfo. Idan fasfo ya ce Mahamat, asusu ya ce Mohamed, ko aka juya sunan mahaifi ya koma gurbin sunan yanka, makin ba zai shiga ba. Ka ba mai yanka maka tikiti lambar tun farko, ka adana katin shiga jirgi har sai ka ga mil ɗin ya bayyana. Jiragen shata na aikin Hajji da tikitin ayari galibi ba su kawo maki. Masu tallar mil mai arha a WhatsApp kuwa a guje su, domin dokar waɗannan tsare-tsare ta hana sayar da mil tsakanin mutane, kuma kamfani na da ikon rufe asusun ya soke tikitin, wataƙila sai mutum ya isa filin jirgi da kayansa zai ji labari.

Inda na ga makin ya fi yin rana shi ne kawo iyaye ziyara. Kana iya yanka wa mahaifiyarka tikiti da mil ɗinka da sunanta, kuma Flying Blue ya yarda manya biyu da yara har shida su haɗa makinsu a asusun iyali guda. Tikitin maki yawanci ana iya ɗage shi ko a soke shi a biya kuɗi kaɗan, mil ɗin ya dawo asusu, abin da tikitin kuɗi mafi arha ba ya bayarwa. Duk wanda ya taɓa jiran amsar biza daga Yawunde ko Njamena alhali ranar tafiya tana matsowa ya san darajar wannan. Ka karanta sharaɗin sokewar a shafin kafin ka danna biya, ka kuma soke kafin jirgin ya tashi idan bizar ba ta fito ba. A bidiyo na gaba, in Allah ya yarda, zan nuna muku yadda ake cike takardar masauki da ake karɓa a ofishin magajin gari domin wannan bizar. Wassalamu alaikum.