Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Kimiyya da Fasaha a Ziyararsa Sashen Kimiyyar Abinci

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Kwamishina, shugaban wannan jami'a, iyayenmu wakilan masarauta, shugabannin 'yan kasuwa da masu sana'ar kilishi da suka amsa gayyatarmu, 'yan uwana malamai, ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san ayyuka sun yi maka yawa, amma ka tako da ƙafarka don ganin abin da muke yi. Allah ya saka da alheri.

Abin da za mu nuna maka yau bai da girma a ido. Wani siririn marufi ne mai kama da leda, sai dai ba daga man fetur aka yi shi ba, daga furotin aka yi shi. Duk wanda ya ga yanar da ke hawa kan madara idan an tafasa ta ta huce, ya ga asalin abin. Ana narkar da furotin, a zuba masa gilisarin don kada ya riƙa karyewa, a shimfiɗa a faranti ya bushe, sai a ɓare shi. Idan aka yar da shi ƙasa za ta cinye shi. Leda kuwa mun ga aikinta: ta toshe magudanan ruwa da damina, ta cika gonakin bayan gari, akuya ta haɗiye ta ta kumbura ta mutu. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta haramta robar zuba abinci ta kumfa a farkon 2024. Hani kaɗai ba ya isa idan ba a ba mai tsire da mai ƙuli-ƙuli abin da za su naɗe kayansu da shi ba.

Marufin furotin yana da kyau wajen tare iska, kuma iska ce ke sa man da ke cikin kilishi ko ƙuli-ƙuli ya canja wari da ɗanɗano. Rauninsa shi ne danshi, yana shan ruwa ya yi laushi. A nan ne mai ya shigo. Man kanumfari, man kirfa da man citta suna ɗauke da sinadaran da ke hana ƙwayoyin cuta da fumfuna yaɗuwa; na kanumfari shi ake kira yujinol. Iyayenmu mata da mahautanmu sun daɗe da sanin cewa kayan yaji na tsare nama. Matsalar ita ce mai ba ya haɗuwa da ruwa. Idan ka zuba shi haka kawai a cikin ruwan furotin, sai ya taru wuri guda, marufin ya yi tabo-tabo, ƙamshin ya tashi cikin ɗan lokaci ya bar abinci ba kariya.

Saboda haka ake farfasa man da na'ura mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, ko mai matsa ruwa da ƙarfi, har ɗigon ya koma ƙasa da nanomita 200. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ɗigo mai wannan ƙanƙanta yana bazuwa ko'ina a jikin marufin, ba ya dusashe haskensa sosai, yana rage shigar danshi, sannan yana sakin sinadarinsa sannu a hankali zuwa kan abincin. Shi ya sa ake ce masa marufi mai aiki: bai tsaya ga rufe abinci kawai ba, yana taya shi daɗewa. Tarayyar Turai ta kafa wa irin wannan marufi doka ta musamman tun 2009.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi damuna, kuma ya fi ba ni ƙwarin gwiwa, shi ne kayan haɗin nan kusan duk a gidanmu suke. Dawa tana da furotin da ake kira kafirin, wanda ya fi na yawancin hatsi ƙin ruwa. Masana a Jami'ar Piretoriya ta Afirka ta Kudu sun shafe shekaru suna yin marufi da shi, alhali Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa noman dawa a duniya. Masara tana da nata, zeyin. Tunkuzar gyaɗa da dusar waken suya cike suke da furotin, mu kuwa dabbobi muke zuba wa. Ƙaron da ake tsinta a Yobe da Jigawa da Barno, wanda ake fitarwa waje a buhu, shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da masana'antun duniya ke amfani da su don hana mai rabuwa da ruwa. Citta tana kudancin Kaduna.

Sai batun jelatin, wato furotin da ake samu daga fata da ƙashin dabba wanda shi ma ake yin marufin da shi, batun da nake so a saurara da kyau. Kaso mai yawa na jelatin da ke kasuwar duniya daga fatar alade ake samunsa. Marufin da zai taɓa abincin Musulmi, wani ma a ci shi tare da abincin, dole a san asalinsa. Ga mahautanmu na zubar da ƙashi kullum, ga ragowar fata a majemu, ga fatar kifi. Jelatin na halal da aka yi daga dabbar da aka yanka bisa ƙa'ida haja ce da ake nema har a ƙasashen Larabawa da Malesiya.

Ba za mu ce maka an gama aiki ba. Marufin nan bai kai leda ƙarfi ba, kuma ya fi ta tsada a yanzu. Yanayinmu ma yana gwada shi ta fuska biyu: da hunturu ya bushe ya yi ƙaras, a watan Agusta ya yi laushi. Sakamakon da aka samu a ɗakin gwaji mai sanyi a Turai ba zai gaya mana abin da zai faru a rumfar kasuwa a watan Afrilu ba, sai mun gwada a nan. Idan man kanumfari ya yi yawa, kilishi zai koma ɗanɗanon magani, mai saye ya juya baya. Kuma kafin a sa shi a abincin jama'a sai an tabbatar da yawan sinadarin da ke ratsawa cikin abincin, hukumar NAFDAC ta amince.

Roƙonmu ga gwamnati bai wuce ƙarfinta ba. Muna buƙatar wutar da ba ta yankewa a ɗakin gwaji, domin gwajin da aka ɗauke wa wuta a tsakiya ya lalace, sai a sake daga farko. Muna buƙatar ƙaramar na'urar da ke fitar da marufin a naɗe, don mu tashi daga faranti zuwa adadin da mai sana'a zai gwada a kayansa. Muna kuma roƙon ma'aikatarka ta zaunar da mu da masu kilishi, masu fitar da ƙaro da masu masana'antu a tebur ɗaya. Shugabanninsu suna zaune a nan, sun nuna a shirye suke.

Ranka ya daɗe, ɗalibanmu sun jera samfura a ɗaki na gaba: na dawa, na jelatin, da kilishin da aka naɗe a kowanne don ka kwatanta da na leda. Muna roƙon ka taɓa da hannunka, ka yi musu tambayoyi. Allah ya ƙara maka lafiya, ya maishe ka gida lafiya kai da 'yan rakiyarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.