Takardar da Pascal ya ɗinke cikin rigarsa

Jama'a, salamu alaikum. In hanya ta bi da ku wurin mai faci a bakin Kasuwar Dole, ku sunkuya ku dubi gefen tayar kabu-kabu. Za ku ga lamba, kusa da ita an rubuta kPa, ma'aunin matsin iskar da ke cikin tayar. Wannan "Pa" ɗin guntun sunan mutum ne, Blaise Pascal, Bafaranshe masanin lissafi da falsafa. Ƴan lise na Damagaram kan gamu da shi sau biyu, wurin mushen lissafi da wurin mushen filo, wato malaman lissafi da na falsafa, kuma da yawa ba su lura mutum guda ba ne.

An haife shi ran 19 ga Yuni 1623 a Clermont, cikin Faransa. Yana shekara 3 uwarsa ta rasu. Bai taɓa zama a bencin lakwal ba, ubansa Étienne ne ya karantar da shi a gida. Da aka tura uban birnin Rouen aikin haraji, yaron ya ga yadda ƙidaya ke hana tsohonsa barci, sai a 1642 ya soma ƙera masa akwatin da ke tarawa da ɗebewa da kansa. A 1648 ya sa mijin yayarsa ya hau dutsen Puy de Dôme da kwalbar zaiba. Yana hawa zaibar na sauka, don iskar da ke danna ta tana raguwa a sama, aka tabbatar iska tana da nauyi. Dalilin sa sunansa a tayar ke nan.

Addini kuwa ta ƙofar ciwo ya shigo gidan. A 1646 uban ya zame kan ƙanƙara ya goce a ƙugu. Maɗora biyu, wa da ƙane, suka zauna jinyarsa wata da watanni, suna ɗori suna wa'azi, har gidan duka ya kama ibada. Ƙanwarsa Jacqueline ma daga baya ta shiga gidan ibada na Port-Royal. Shi kam bayan rasuwar uban ya ɗan saki jiki da manyan Paris, cikinsu har da ƴan caca. Tambayar ɗayansu, yadda za a raba kuɗi in wasa ya tsaya bai ƙare ba, ita ta sa shi da masanin lissafi Pierre de Fermat suka yi ta musayar wasiƙu a 1654, suka kafa lissafin yiwuwar abu.

A wannan shekarar dai, daren 23 ga Nuwamba, wani abu ya same shi a ɗakinsa. Bai faɗa wa kowa ba. Sai dai aka ga ya juya, ya ɗauki aniyar rubuta littafin kare addinin Kirista.

Nan nake so mu daɗe. Mutumin da ya fi kowa iya kafa hujja bai fara da hujja ba. Da kai ya fara, mai sauraro. Ya ce duk wahalar ƴan Adam daga abu guda take, kasa zama shiru cikin ɗaki. Ku tuna daren da aka ɗauke wuta, cajin salula ya ƙare, ƴan fada suka watse, barada ta huce. Minti nawa ke wucewa kafin tunanin bashi, tsufa da kabari su taso? Pascal ya ce farauta da caca da neman sarauta duk gudun wannan shirun ne, har sarki ma in aka bar shi ba mai ɗebe masa kewa, abin tausayi ne. Amma bai raina mutum ba. Ya kira shi kara, mafi rauni cikin halitta, sai dai kara ne mai tunani. Ɗigon ruwa ya isa ya kashe shi, duk da haka ya fi abin da ya kashe shi daraja, don shi ya san zai mutu.

Sannan ne ya kawo maganar da ake tambaya a jarrabawar bak, wadda ake kira cacar Pascal. Ko Allah yana nan ko babu, in ji shi, kuma hankali kaɗai ba zai raba gardamar ba. Ba ka da damar cewa ba ruwanka, ka riga ka hau jirgin. In ka ba da gaskiya ya zamana yana nan, ka samu kome. In babu, me ka rasa? Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin wayo, kamar mai sayen tikiti. A ganina an zalunce shi. Da abokansa ƴan caca yake magana, da harshen da suke ji, don ya nuna musu cewa ba hankali ne ya hana su ba, son zuciya ne.

Suka kam ta biyo baya. Diderot, wani masanin falsafa Bafaranshe, ya ce limamin Musulmi ma zai iya faɗin daidai wannan, wato hujjar ba ta nuna wane addini za a bi. Gaskiyarsa. Ni Musulmi ne, kuma akwai wuraren da Pascal ya soki addinina waɗanda ban yarda da su ba ko kaɗan. Amma abin da ya faɗa kan gudun shiru, na duba kaina na same shi.

Ciwo bai bar shi ya gama littafin ba. A 1662 ya taimaka aka kafa kekunan doki na haya a Paris, masu hanya tsayayya da kuɗi ƙayyadadde. Ya saukar da wani iyali matalauta a gidansa. Da agana ta kama ɗansu, bai ce su tashi ba, shi ya koma gidan yayarsa Gilberte, can ya cika ran 19 ga Agusta, yana shekara 39. Guntayen takardu ɗaruruwa ya bari, wasu an huda an ɗaure da zare. Su aka buga a 1670 da sunan Pensées, wato "Tunane-tunane".

Bayan rasuwarsa wani baran gidan ya ji tauri a shafin rigarsa. Aka farke, sai ga takarda a naɗe, ɗinke kamar yadda ake ɗinke laya. Tana ɗauke da kwanan wancan daren, daga wajen ƙarfe 10 da rabi zuwa 12 da rabi, sai kalma guda, "Wuta". Ƙarƙashinta: "Allahn Ibrahim, Allahn Ishaku, Allahn Yakubu, ba na masana falsafa da masu ilimi ba." Kusan shekara 8 yana sake ɗinke ta duk sanda ya canza riga. Takardar tana nan ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa, a Paris.