Daga Gidan Rabi Zuwa Shafukan Waya: Hira Kan Labaran da Muka Karanta

MALAM HABIBU: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma ina tare da Malama Hadiza da kuma Usman, kuma kowannenmu ya zo da ƙagaggen labari ɗaya da ya karanta, bisa sharaɗin cewa ya kasance daga irin littattafan da bai saba ɗauka ba. Usman, kai da aka sani da littattafan yaƙi da jarumta, wanne ka ɗauko?

USMAN: Malam, na ɗauko Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Abdu, wadda ta haifa masa 'ya'ya tara, amma abin da yake ba ta na cefane ba ya kai gidan ko'ina, alhali yana da halin da zai wadata su. Da ya tashi ƙara aure sai ya auro Delu, mace mai zaman kanta, kuma ba a jima ba ya kori Rabi da 'ya'yanta. Abin da ya fi riƙe ni shi ne yadda marubuciyar ta tsaya kan lissafin rayuwa: kuɗin haya, kuɗin makaranta, da yadda Rabi ta koma sayar da abinci har ta tsayu da ƙafafunta. A littattafan yaƙi na saba ganin jarumi ya kashe dakaru da takobi ɗaya ban ji komai a raina ba, amma a nan na ji tsoro na gaske a kan ko yaran nan za su ci abinci da dare.

MALAMA HADIZA: To, yaya ka ji da ƙarshen labarin? A nan ne masu karatu suka fi rabuwa.

USMAN: Yaya Hadiza, raina ya ɓaci ƙwarai. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta ci amanarsa, ya wayi gari ba shi da komai, sannan sai aka taru a kan Rabi aka matsa mata ta koma gidansa. Matar da ta gina rayuwarta da guminta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci, ita ce kuma aka ɗora wa nauyin mutumin da ya wulaƙanta ta. Na ajiye littafin ina jin cewa an zalunce ta karo na biyu.

MALAMA HADIZA: Wannan ɓacin ran da ka ji, a ganina, shi ne aikin da littafin ya zo yi. Da marubuciyar ta bar Rabi ta yi zamanta cikin 'yanci da wadata, da mai karatu ya rufe littafin hankalinsa kwance, ya manta da ita kafin gari ya waye. Amma Hajiya Balaraba ta san gidajen da take magana a kansu daga ciki, domin ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya ƙarama, sai daga baya ta koma karatun manya. Ta san cewa idan dangi da surukai suka haɗa baki suka ce a yi haƙuri saboda 'ya'ya, mace ba ta da wurin da za ta kai ƙara. Kuma ka lura cewa Rabin da ta koma ba ita ce wadda aka kora ba, tunda yanzu ita ke riƙe da gidan, kuma kowa ya san haka.

USMAN: Na ga wannan, amma ban gamsu cewa riƙon gida ya biya ta abin da ta rasa ba.

MALAM HABIBU: Ni ma ban ce ya biya ba, sai dai ina so masu saurare su tuna yadda aka kalli irin waɗannan littattafai lokacin da suka fito. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu, inda Farfesa Ibrahim Malumfashi ya soki abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano, su Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma suka tsaya suka kare shi. Mutane da yawa sun yanke hukunci cewa duk labarin saurayi da budurwa ne, ba tare da sun buɗe littafi sun ga cewa akwai maganar gado da saki da kishi da karatun 'ya mace a ciki ba. Wannan littafin da Usman ya karanta shi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, wani kamfanin ɗab'i a Indiya mai suna Blaft ya buga shi a 2012. Malama, ke kuma kin tsallaka zuwa littafin da aka rubuta da Turanci tun asali.

MALAMA HADIZA: Haka ne, Malam. Na karanta Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya fito a 2015, ya kuma ci babbar kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na Nijeriya, wato NLNG, a 2016. Labarin Hajiya Binta ne, gwauruwa mai shekara 55, mai 'ya'ya da jikoki, wadda ta rasa mijinta a rikicin Jos, sai ta faɗa cikin alaƙa da wani matashi mai suna Reza, shugaban 'yan daba mai sayar da wiwi, wanda wani ɗan siyasa yake amfani da shi. Ba zan ɓoye ba, a farko na karanta shi da ƙyar, domin abin da take yi haramun ne, kuma na ga uwa ce sa'ar iyayenmu. Abin da ya hana ni ajiye shi shi ne maganar ɗanta na fari.

USMAN: Me ya faru da ɗan nata?

MALAMA HADIZA: Saboda alkunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa jawo shi jikinta a gaban mutane ba, kamar yadda ita ma mahaifiyarta ta yi mata. Yaron ya tashi yana ganin tana wasa da ƙannensa, shi kuma sai umarni da kawar da kai. Ya kauce hanya, 'yan sanda suka kashe shi, kuma ta rayu da wannan nauyin a zuciyarta. Da Reza ya shigo rayuwarta, shi ma mahaifiyarsa ta tafi ta bar shi tun yana ƙarami, sai kowannensu ya ga a ɗan'uwansa wani da ya rasa. A nan na tsaya na yi ta tunani, domin ni ma 'yar fari ce, kuma na san yadda mahaifiya take zuba maka abinci mafi kyau ta tura ƙanwarka ta kawo maka, ita kuma ta juya baya kamar ba ta san da kai ba. Mu mun tashi mun fahimci cewa so ne a ɓoye, amma littafin ya tambaye ni abin da zai faru da yaron da bai fahimta ba.

MALAM HABIBU: Ina da wata damuwa game da irin waɗannan littattafai, kuma zan faɗe ta a fili. Idan marubucinmu ya rubuta sirrin gidajenmu da Turanci, wa yake wa magana? Wani lokaci ina jin kamar an buɗe ƙofar ɗakin uwa ga baƙin da ba su san darajarta ba, su kuma abin da za su ɗauka kawai shi ne cewa matan Arewa a danne suke.

MALAMA HADIZA: Damuwarka tana da tushe, Malam, kuma akwai littattafan da na ji haka game da su. Amma a wannan ban ji ana baje kolinmu ba, saboda Hajiya Binta ba abar tausayi ba ce kawai. Tana sallah, tana zuwa Islamiyya, tana jin nauyin zunubinta, kuma marubucin bai wanke ta ba, bai kuma bar labarin ya ƙare ba tare da ta ga sakamakon abin da ta shuka ba. Tambayar da ta fi damuna ita ce ko za a iya buga labarin nan da Hausa a sayar da shi a Kano. Wanda yake rubutu da Hausa, masu karatunsa su ne maƙwabtansa da surukansa da malamin unguwarsu, ga kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i. Mun ga yadda aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano a 2007. Shi ya sa nake ƙara ganin ƙoƙarin matan da suka faɗi gaskiya mai ɗaci da harshen da kowa a gidansu yake ji.

USMAN: Malam, saura kai. Mun ji an ce wannan karon ba takarda ka karanta ba.

MALAM HABIBU: A waya na karanta, kuma ba zan ambaci sunan littafin ko marubuciyar ba, tunda abin da zan faɗa ya shafi tsarin gaba ɗaya. Labarin aljanu ne da aka cakuɗa da soyayya, na wata amarya da aka kai gidan da ya daɗe a rufe. An fara sakin shafukan kyauta a WhatsApp, da labarin ya kai inda amaryar ta ji ana daka a tsakar gida da tsakar dare alhali babu kowa, sai aka ce wanda yake son ci gaba ya biya ya turo shaidar biya a saka shi a zauren masu karatu. Na biya, domin a gaskiya na so in san mai dakan. Kuma dole in yaba mata: yadda mutanenta suke magana daidai yake da yadda ake magana a gidajenmu, musamman zancen uwar miji da 'yan'uwan ango, har kana iya jin muryoyinsu.

MALAMA HADIZA: Amma na ji alamar akwai abin da bai yi maka ba.

MALAM HABIBU: Tsawon ne, Malama. Bayan wannan daren na daka, sai labarin ya tsaya cik, aka shiga bayanin kayan lefe da kalar leshi da irin motar da ango ya hau da girke-girken da aka jera, shafi bayan shafi, ga tallan kaya a tsakanin babi da babi. Tsoron da ta gina da kyau sai ya huce kamar tuwon da aka bari a buɗe. Na kuma lura cewa masu karatu suna yin sharhi a kowace rana, wannan ta ce a hukunta kishiya, waccan ta ce kada a kashe wane, kuma labarin yana karkata zuwa inda suka fi ƙarfi. Babu edita a tsakani, babu mai gyara ƙa'idar rubutu, har ana rasa bambanci tsakanin kalmomin da ƙugiya ce kawai take raba su, ga Turanci da ake cusawa a inda Hausa take da kalmarta.

USMAN: Malam, ka ba ni dama in kare su kaɗan. Jan labari bai fara daga waya ba. Littattafan yaƙin da na tashi da su, da na soyayyar ma, ana buga su ne kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma ana yanke kowane kashi ne a daidai inda dole ka koma shagon haya ka karɓo na gaba. Dalilin ɗaya ne, wato marubuci shi ne mai buga littafinsa da kuɗinsa, kuma dole ya mayar da abin da ya kashe. Yanzu takarda ta yi tsada, shagunan haya sun ragu, ga masu kwafe littafi su raba shi kyauta a wasu zauruka tun marubuciya ba ta gama ba. Yarinyar da take rubutu da babban yatsa a waya, cikin dare bayan ta gama aikin gida, ita ce take riƙe da masu karatun Hausa a yau, har da na Nijar da Ghana da Sudan waɗanda littafin takarda ba ya isa gare su da sauƙi.

MALAM HABIBU: Ban musa ba, kuma ba raina su nake yi ba. Abin da nake nema mata shi ne wanda zai zauna da ita ya ce, wannan babin ki cire shi, wancan ki faɗaɗa shi.

MALAMA HADIZA: Kuma akwai shaidar cewa suna iyawa idan an sa musu iyaka. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, ana ƙayyade yawan kalmomin da labari zai kai, kuma labarin da ya fara cin gasar, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Da yawa daga masu shiga gasar a waya suka koyi rubutu, amma da aka ce ga iyaka, sai suka zubar da leshi da motoci suka riƙe abin da labarin yake buƙata.

USMAN: Wannan ya kawo ni ga abin da nake so in ƙara gani a rubutun Hausa, wato labaran laifi da bincike waɗanda suka san yadda ɓarna take tafiya a ofis da kan iyaka da kasuwa. Muna rayuwa cikin garkuwa da mutane da satar shanu da cinikin ƙwaya, amma sau da yawa idan suka shigo labari, ana kawo su ne don a raba masoya na ɗan lokaci.

MALAM HABIBU: An taɓa yin irin wannan rubutun, Usman. A 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Turmin Danya, wanda ya shiga cikin harkar fasa-ƙwauri da cin hanci, kuma a shekarar ce Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, mai cike da ta'addanci da zubar da jini. Ina ba da shawara mu ukun mu karanta Turmin Danya kafin zama na gaba, mu duba ko hanyar da ya bi za ta iya ɗaukar laifuffukan wannan zamani.

MALAMA HADIZA: Na amince, da sharaɗin cewa za mu duba yadda ya rubuta matan da ke cikinsa, domin a irin waɗannan labarai a nan marubuta maza suka fi yin sakaci.

MALAM HABIBU: Mun karɓi sharaɗin. Masu saurare, a nan za mu dakata, sai Allah ya kai mu zama na gaba. Wassalamu alaikum.