Wariya a Cikin Coci: A Duba Wanda Ke Riƙe da Asusu

Saratu: Jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram. Yau batun wariya a cikin coci za mu taɓa. Malam Iliya, wasu na cewa wannan matsalar Turawa ce, ba tamu ba.

Malam Iliya: To, mu fara da tasu, Malama, don mu ga yadda take shigowa. A 1857 majalisar cocin Dutch Reformed a Afirka ta Kudu ta yarda cewa ibada tare ita ce daidai, amma saboda raunin wasu, wato fararen da suka ƙi cin Jibin Ubangiji da baƙaƙe, ta ba da izini a raba wurin sujada. Rangwame aka kira shi. Zuwa 1881 ya zama coci daban ga waɗanda ba farare ba. Cocin nan da aka ware ne ya amince da Shaidar Belhar, wata takardar furcin bangaskiya, a 1986, wadda ta kira wannan rarrabuwa zunubi.

Baba Dauda: Har aya suka nemo, wai la'anar Ham ɗan Nuhu ce ta faɗa kan baƙaƙe. A buɗe Farawa 9:25. Kan'ana ɗan Ham ne Nuhu ya la'anta, kuma babu zancen launin fata a wurin ko kaɗan.

Saratu: Baba, mu nan duk baƙaƙe ne.

Baba Dauda: Ɗiyata, tamu ta ƙabila ce da harshe. Tun 1924 mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, suka zo Zinder, yau kuwa a benci ɗaya za ki ga ɗan ƙasa da mutanen Benin, Togo da Najeriya. Ba wanda zai tashi ya ce ya ƙi wani. Abin yana ɓuya ne a tsari. In wa'azi na minti arba'in ne da Faransanci, sai tafinta ya dunƙule shi da Hausa cikin minti biyar, an riga an faɗa wa tsohuwar da ba ta yi lakwal ba matsayinta. Sai kuma ranar neman aure, lokacin da dattijo zai fara tambayar asalin yaro kafin ya tambayi bangaskiyarsa. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Malam Iliya: Maganin na cikin Ayyukan Manzanni sura 6. Masu bi masu jin Helenanci, wato harshen Girka, suka yi gunaguni ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri ba. Aka zaɓi mutum bakwai, su Istifanus da Filibus, dukansu masu sunan Helenanci, aka danƙa musu rabon.

Saratu: A aikace fa?

Malam Iliya: A ɗauko sunayen dattawa, ma'aji da masu rabon taimako, a gwada da waɗanda ke cika coci ranar Lahadi. A buɗe littafin taimako na shekara, a ga gidajen da hatsi ya shiga. A riƙa juya harshen wa'azi, fassara kuma ta zama jimla bayan jimla. Inda ake tuntuɓe shi ne a sa baƙo ɗaya a kwamiti don ganin ido, alhali an gama yanke shawara a zauren wani tun daren Asabar.

Saratu: In babba ne ke yi, wa zai faɗa masa?

Baba Dauda: Bitrus ma babba ne. Da ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, a Antakiya, Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, yana cikin Galatiyawa sura 2. Laifin a fili aka yi shi, shi ya sa bai ja shi gefe ba.