Hanyar da babu motoci a cikin kwari: me ya sa take da wuyar hawa?

[Hoto daga sama: kwarin Valtellina da sassafe, kogi yana ratsa tsakiya]

Jama'a, ku dubi wannan kwari da kyau. Sunansa Valtellina, yana arewacin Italiya, cikin tsaunukan Alps, dab da iyakar Siwizalan. Ruwan da kuke gani yana sheƙi a tsakiya shi ne kogin Adda. A gefensa ga layin dogo, ga kuma babban titin da ake kira SS38, wanda manyan motoci da bas-bas da 'yan yawon buɗe ido ke bi dare da rana.

Kwanan nan ana ta yawo da wata shawara tsakanin masu tseren keke da masu hawansa don nishaɗi: wai in kana son hanya mai shiru, buɗe taswira ka zaɓi layin da ya fi kowane siranta, shi ke nan. Mutane da dama sun bi wannan shawara, sun dawo suna tura keke da hannu, gwiwa tana rawa. Shawarar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma akwai mataki guda da aka tsallake, kuma shi za mu zauna a kai yau.

[Taswira: layuka uku a jere a ƙasan kwari, ƙananan layuka suna karkacewa a jikin dutse]

Shimfiɗaɗɗen wuri a cikin kwari ɗan kaɗan ne. Kogi ya ɗauki rabonsa, jirgin ƙasa ya ɗauki nasa, babban titi ya cinye sauran. To ina ƙananan hanyoyi za su bi? Sai jikin dutse. Ga su nan suna hawa zuwa ƙauyuka irin su Teglio, da ke zaune sama da mita 800 daga matakin teku, suna ratsa gonakin inabi da aka sassaƙa hawa-hawa da katangun dutse. Motoci sun guje su ne saboda tsayinsu da kwanoninsu. Abin da ya kori direba shi ne zai tari ƙafarka.

Saboda haka, bayan ka ga siririn layi a taswira, kada ka tsaya a kan tsawonsa. Danna wurin da manhajar taswirar ke nuna hoton tudu da gangara na hanyar. Nan ne ake rikicewa.

[Zane: ƙaramin keke a kan layi mai hawa, lambobi suna fitowa]

Za ka ga an rubuta kashi 10 cikin 100. Wasu suna ɗauka kusurwa ake nufi, wato digiri goma. A'a. Ma'anarsa ita ce duk mita 100 da ka yi gaba, ka ɗaga sama da mita 10. A ma'aunin kusurwa wannan bai kai digiri shida ba, shi ya sa a hoto yake zama kamar ba komai. Amma a kan feda, kashi 10 yana sa babban mutum ya miƙe tsaye a kan keke yana jan numfashi da baki.

Bari mu auna da hanyoyi uku na wannan kwari. Akwai hanyar keke da ake kira Sentiero Valtellina, mai tsawon kilomita 114 daga garin Colico a bakin tafkin Como har zuwa garin Bormio. A duk wannan nisa, hawan da ke tsakanin farko da ƙarshe wajen mita 1,000 ne, wato matsakaicinsa bai kai kashi 1 ba. Sai hawan mashigin dutse na Stelvio daga Bormio: kilomita 21 da ɗoriya, wajen kashi 7, kana ƙarewa a sama da mita 2,750. Sai na uku, mashigin Mortirolo daga garin Mazzo. Kilomita 12.4 kacal. A taswira ɗan guntun zare ne, siriri, mai bi ta cikin daji, irin wanda shawarar nan za ta ce ka zaɓa. Amma cikin wannan ɗan nisa za ka hau mita 1,300. Matsakaicinsa kashi 10.5, wasu wurare kuma yana kaiwa 18.

[Bidiyo: mai keke yana karkata dama da hagu a siririyar hanya, babu mota ko ɗaya. A bar sautin numfashinsa ya fito.]

Ku saurara. Babu hon, babu hayaƙi, sai tsuntsaye da ƙarar sarƙa. Hanya ce mai shiru da gaske. A nan ne ɗan tseren keken Italiya Marco Pantani ya yi suna a gasar tseren keke ta Giro d'Italia ta 1994, kuma akwai abin tunawa da shi a ɗaya daga cikin kwanonin. Ina ƙaunar wannan hanya har zuciyata, amma ba zan tura wanda ya fara keke bara ya hau ta ba.

Yanzu ga inda nake so ku ƙara nutsuwa, domin ko wanda ya gane kashi cikin ɗari yakan faɗa wannan rami. Kalmar "matsakaici" tana ɓoye abu. A ce hanya kilomita 10 ce, an rubuta matsakaicinta kashi 5. Kana iya samun ta tana hawa a hankali tun daga farko har ƙarshe, ka gama kana murmushi. Kana kuma iya samun kilomita biyar na farko a shimfiɗe kamar tabarma, biyar na ƙarshe kuma kashi 10 ne cur. Lissafi ɗaya, wahala daban. Don haka ka ja yatsa a kan hoton hanyar kilomita bayan kilomita, ka nemi wurin da ya fi tsini, ka ga tsawonsa nawa ne. Mita ɗari biyu na kashi 14 ana cije haƙori a wuce. Kilomita uku na kashi 12 kuwa, sai mai giyar keke mai laushi da ƙafar da ta saba.

Abu na biyu da ke ɓuya shi ne jimillar hawa. Hanyoyin gefen dutse ba sa tafiya a tsayi ɗaya. Duk inda rafi ya gangaro daga sama, hanya takan sauka ta tsallake gada, sannan ta sake hawa. Kana iya tashi daga gari ka isa wani garin da suke tsayi ɗaya, alhali a tsakani ka hau mita 800 ka sauke su. Lambar da za ka nema ke nan, ba bambancin tsayin garuruwan biyu ba.

[Hotuna a jere, da sauri]

Sauran kuwa mu bi su a gurguje. Ramukan da aka huda cikin dutse a babban titi kusa da Bormio ba wurin keke ba ne, bi tsohuwar hanya ko hanyar keke. Iska a irin wannan kwari takan taso daga ƙasa ta hau sama da rana, ta juya da dare, a tafkin Como ma har suna gare ta, Breva. In za ka gangara wajen tafki, fita da safe kafin ta tare ka. Manyan mashigai irin su Stelvio da Gavia ƙanƙara tana rufe su tun daga ƙarshen kaka har wajen watan Mayu ko Yuni. A lokacin zafi kuma akwai ranakun da ake rufe wasu daga cikinsu ga motoci, a bar wa masu keke kaɗai. In tafiyarka ta dace da irin wannan rana, kada ka bari ta wuce ka.

[Gangara: kyamara a kan hular mai keke, kwana yana zuwa]

Saura saukowa. Hanyar da ta yi shiru galibi siririya ce, wani wurin mota ɗaya ce kawai za ta iya wucewa, kuma manomin da ke bin ta kullum bai tsammaci kowa a kwana ba. Ka tsaya a hannunka na dama. Ka ja birki kafin ka shiga kwana, ka sassauta a ciki, kana matsawa kana saki don kada ya yi zafi. Ka tafi da riga mai tare iska ko da gari ya yi ɗumi a ƙasa, domin duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri shida, kuma jikin da ya jiƙe da gumi yana saurin ɗaukar sanyi. Ga wata ƙaramar motar gona nan tana tahowa, ku dubi yadda mai keken ya rage gudu tun daga nesa, ya ɗaga mata hannu, ta raɓa ta wuce.