Malamin Lissafin da Ya Ajiye Alli Ya Shiga Kasuwa

Assalamu alaikum. Shugaban taro ya ja kunnena kan lokaci, don haka mu tafi kai tsaye.

Sunan mutumin Jim Simons, an haife shi a 1938 a jihar Massachusetts ta Amurka. Yana ɗan shekara 23 ya kammala digirin digirgir a fannin lissafi a Jami'ar California da ke Berkeley. A 1964 ya kama aiki da wata cibiyar bincike ta tsaro, yana warware saƙonnin sirri a zamanin yaƙin cacar baka. A 1968 suka sallame shi saboda ya fito fili ya soki yaƙin Biyetnam. A shekarar ce Jami'ar Stony Brook ta ɗauke shi shugaban sashen lissafi.

To, a 1978, yana da shekara 40, sunansa ya riga ya shiga littattafan lissafi, sai ya ajiye alli ya buɗe kamfanin juya kuɗi, wanda a 1982 ya koma Renaissance Technologies. Irin wannan kamfani, attajirai ne ke zuba masa jari, shi kuma ya nemo riba, ko farashi ya hau ko ya faɗi. Na ga wani malami can baya yana girgiza kai. Batun halacci na bar muku shi, ni tarihi na zo bayarwa.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Da farko da hasashen zuciya yake saye da sayarwa, kamar kowane ɗan kasuwa: yau samu, gobe rashi, dare kuma ba barci. Sai ya daina yarda da zuciyarsa. Ya ƙi ɗaukar gogaggun dillalan Wall Street, wato cibiyar hada-hadar hannun jari ta New York, ya kwaso masana lissafi da kimiyyar taurari, har da Robert Mercer da Peter Brown, waɗanda a kamfanin kwamfuta na IBM aikinsu koya wa kwamfuta gane maganar mutum. Suka tattaro farashin shekaru aru-aru, kwamfuta tana tsinto 'yan alamomin da ido ba ya gani. Ribar kowane ciniki 'yar mitsitsiya ce, amma a yi shi sau dubbai a rana. Da yayyafi kogi kan cika.

Asusunsu na Medallion ya fara a 1988. Daga nan zuwa 2018 ribarsa ta kai kusan kashi 66 cikin ɗari a shekara, kashi 39 bayan an cire ladan kamfani. Tun 1993 suka rufe ƙofa ga sabbin masu zuba jari, daga baya ya zama na 'yan gida kawai. Kada ku ɗauka komai fes ne: a 2021 shi da abokansa sun amince su biya hukumar harajin Amurka kusan dala biliyan 7 don kashe wata taƙaddama kan haraji.

Gidauniyar da ya kafa da matarsa Marilyn a 1994 har yau tana ɗaukar nauyin binciken lissafi da kimiyya. Ya rasu a New York ranar 10 ga Mayu, 2024, yana da shekara 86.

Malam na baya, bismillah, kawo tambayarka.